Ƙasar da aka keɓe wa Inuit, ga faɗi ba kowa: ta wa ce, kuma me ake yi da ita?

Wani ɗan'uwa mai karatun safiyo da taswira ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce yana duba jerin yankunan mulki na lardin Kebek a Kanada, sai ya ci karo da wasu wurare da aka rubuta cewa ƙasa ce da aka keɓe wa Inuit, wato 'yan asalin ƙuryar arewa mai ƙanƙara, amma a gurbin yawan jama'a sifiri aka sa. Har suna ɗaya yakan fito sau biyu, Kuujjuaq mai mutane da Kuujjuaq marar kowa. Shin kuskuren masu rubutu ne? In kuma ba kuskure ba ne, ina amfanin a ware wa jama'a ƙasar da ba sa zama a cikinta?

Ɗan'uwa, ba kuskure ba ne. Abin da ka gani haka yake a takardun gwamnati, kuma da gangan aka yi shi.

Mu fara da wannan suna biyu da ya ɗaure maka kai, don shi ne mai sauƙi. Arewacin Kebek, daga layin digiri na 55 zuwa sama, shi ake kira Nunavik. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 440,000, wato kusan rabin Nijeriya, amma mutanen ciki a ƙidayar 2021 dubu 14 ne da 'yan kai, mafi yawansu Inuit. Garuruwa 14 gare su, duk a bakin teku ko bakin manyan koguna, ba kuma hanyar mota da ta haɗa wani da wani ko ta haɗa su da kudu. Jirgin sama ake hawa, kaya masu nauyi kuwa sai jirgin ruwa ya kawo su idan ƙanƙarar teku ta narke. Kuujjuaq ne babban garin, mutanensa ba su kai 3,000 ba. Aupaluk, ƙaramin cikinsu, mutum 200 ne da ɗoriya. Kowane gari a cikin waɗannan ƙaramar hukuma ce mai magajin gari da kansiloli. A nan gidaje suke, da makaranta, da asibiti, da filin jirgi, kuma a nan ma'aikacin ƙidaya yake samun mutane. To amma yawancin garuruwan suna da wata ƙasa da ta kewaye su ko take maƙwabtaka da su, mallakin Inuit ɗin garin, wadda ba ta shiga cikin iyakar ƙaramar hukumar ba. Ita ma an ba ta lamba a rajista, an kuma sa mata sunan garin. Shi ya sa ka ga Kuujjuaq biyu. Ɗaya gari ce, ɗaya huruminta.

Na zaɓi kalmar hurumi ne da saninta, domin Bahaushe ya san wannan abu tun kaka da kakanni. Filin da gari ya tsare a bayansa, ba a noma, ba a gini, dabbobi su yi kiwo, a yi itace, a ɗebi ƙasar yaɓe. Je ka ƙirga masu kwana a hurumin ƙauyenku, sifiri za ka samu. Amma ka gwada kafa turaku a ciki ka ce ai ba kowa, a ranar za ka san masu shi. Ƙidayar jama'a tambaya ɗaya take yi: ina mazauninka na dindindin? Ba ta tambayar ina kake samo abincinka.

A nan ne maganar take da nauyi. Inuit ba manoma ba ne, kuma ba don ƙyuya ba. Ƙasar yawancinta ba ta fid da bishiya, ƙarƙashinta a daskare yake shekara da shekaru, sai 'yar fatar sama ce ke narkewa na wasu makonni. Hatta gidaje a kan ƙafafun ƙarfe ake ɗora su, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa gini ya nitse. Abincinsu na gado nama ne da kifi. Akwai karibu, wata irin barewa mai rassan ƙaho da suke kira tuktu. Akwai dabbar teku da ake kira sil, wadda ke huda ƙanƙara tana shan iska. Akwai beluga, farar ƙatuwar dabbar teku, da kifin da ke hawowa koguna daga teku, da dinya da sauran tsuntsaye masu ƙaura, da 'ya'yan tsirrai da mata ke tsinka a ƙarshen lokacin ɗumi. A Kangiqsujuaq har ƙarƙashin ƙanƙarar teku suke shiga idan ruwa ya janye, su tsinci ƙumbar teku su fito kafin ruwan ya dawo. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke zaune wuri guda. Karibu yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita tsakanin inda yake haihuwa da inda yake cin lokacin sanyi. Wanda abincinsa ke tafiya, dole gonarsa ta yi faɗi. Manomin dawa eka kaɗan ta ishe shi ciyar da gida, maharbin karibu kuwa yana bukatar ƙasar da za a kwana ana tafiya ba a ƙure ta ba, kuma sai ta zama ba kowa ɗin sannan take da amfani, don dabba ba ta tsayawa inda ake hayaniya.

Har yau ɗin nan haka abin yake. Mutum yana aikin ofis a Kuujjuaq daga Litinin zuwa Juma'a, da yamma ya ɗaure kaya a babur ɗin ƙanƙara ko kwalekwale mai inji ya nufi bukkarsa ta katako a bakin wani tafki. Irin waɗannan bukkoki suna nan warwatse a ƙasar da takarda ta ce ba kowa. Akwai ma tsarin tallafa wa mafarauta wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da zan yi bayaninta, inda ake sayen nama daga hannunsu a zuba a babban firjin gari, tsofaffi da zawarawa da marasa mai yi musu farauta su je su ɗiba. Idan ka san tsadar kayan kanti a wurin da komai sai jirgi ya kawo, za ka gane wannan nama ba na marmari ba ne.

Sai dai tambayarka ta ƙunshi wani zato da nake so in kwance. Ka ce an ware musu ƙasa, kamar dai gwamnati ce mai ƙasa ta yi musu alheri. Tarihin ba haka ya tafi ba.

A 1670 Sarkin Ingila ya ba kamfanin fatu na Hudson's Bay takardar iko da duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa mashigin tekun Hudson. Ba wanda ya tambayi mazauna wurin. A 1870 aka miƙa wannan ƙasa ga Kanada. A 1912 majalisar tarayya ta ƙara wa Kebek yankin arewa da ake kira Ungava, bisa sharaɗin cewa lardin zai amince da haƙƙin 'yan asalin wurin, ya kuma sasanta da su kafin ya taɓa ƙasar. Kebek ta karɓi ƙasa ta manta da sharaɗi, shekara kusan sittin. Hasali ma da yunwa ta faɗa wa Inuit a shekarun 1930, gardama aka yi tsakanin Kebek da tarayya kan wa zai biya kuɗin agaji, kowa na turawa ɗan'uwansa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 1939 cewa nauyinsu na kan gwamnatin tarayya. Duk da haka ba a sa su ƙarƙashin dokar da ke tafiyar da sauran ƙabilun asali na Kanada ba, shi ya sa ƙasar Inuit ta bambanta da keɓaɓɓun unguwannin waɗancan ƙabilu, waɗanda gwamnatin tarayya ce ke riƙe da takardarsu a madadin mutanen. Mutane da yawa kan haɗa biyun, kuma ba ɗaya ba ne.

Zaman garuruwa ma da ka gani sabon abu ne. Kafin shekarun 1950 yawancin Inuit a ƙananan zangogi suke, iyali kaɗan-kaɗan, suna tashi da sauka bisa yanayi. Makarantar dole da asibiti da kuɗin tallafin iyali su suka tattaro su wuri ɗaya kusa da kantin kamfani da cocin mishan. A cikin shekarun 1950 da 1960 aka karkashe karnukansu masu jan keken ƙanƙara, da sunan kare lafiyar jama'a, kuma maharbin da ba shi da karnuka a wancan zamani gurgu ne. Gwamnatin Kebek ta amsa laifinta a kan wannan a 2011, ta tarayya kuma ta nemi gafara a 2024. A 1953 da 1955 an kwashi iyalai daga Inukjuak an kai su can ƙuryar arewa, Resolute da Grise Fiord, tafiyar kusan kilomita 2,000, inda rana ke ɓacewa na watanni, aka ce musu in ba su ji daɗi ba za a maido su bayan shekara biyu. Ba a cika alkawarin ba. Sai 2010 aka nemi gafararsu. Saboda haka idan ka ga taswira ta nuna mutane cunkushe a ɗigo 14 sauran ƙasa fayau, ka sani ba haka Allah ya ajiye su ba. Wannan sifirin akwai hannun hukuma a cikinsa.

Abin da ya tada maganar mallaka shi ne wutar lantarki. A Afrilun 1971 Firimiyan Kebek, Robert Bourassa, ya shelanta gagarumin aikin datse kogunan da ke malala zuwa mashigin James don samar da wuta. Ba a shawarci ƙabilar Cree da ke zaune a wurin ba, ba a shawarci Inuit da ke arewa da su ba, alhali aikin ya haɗa da karkatar da ruwan kogin Caniapiscau wanda ke gangarawa ta wajen Kuujjuaq. Cree ƙarƙashin Billy Diamond da Inuit ƙarƙashin Charlie Watt, duka matasa a lokacin, suka garzaya kotu. Mafarauta suka zo Montiriyal suna ba da shaida ta bakin tafinta, suna lissafa kogi da tafki da inda suke ɗana tarko. A ranar 15 ga Nuwamba 1973 Mai Shari'a Albert Malouf ya ba da umarnin a dakatar da aikin. Murnar ba ta wuce mako guda ba, kotun ɗaukaka ƙara ta jingine umarnin, motocin tona ƙasa suka ci gaba. Amma gwamnati ta ga alama. A farkon wannan shekarar ma Kotun Ƙoli, a shari'ar Calder, ta nuna cewa haƙƙin 'yan asali a kan ƙasa abu ne da doka ta sani. Masu ba da bashin biliyoyi ba sa son aikin da shari'a ke rataye a wuyansa. Sai aka zauna teburin sulhu, ana tattaunawa ana gina madatsa.

Ranar 11 ga Nuwamba 1975 aka sa hannu a Yarjejeniyar Mashigin James da Arewacin Kebek, wadda ita ce ta farko a jerin yarjeniyoyin ƙasa na zamani a Kanada. Bari in tsaya a kanta, don duk amsar tambayarka a cikinta take.

Sashe na biyu na yarjejeniyar ya ce Cree da Inuit sun saki duk wani haƙƙi da iƙirarin mallaka na asali da suke da shi a kan ƙasar Kebek. Wannan shi ne abin da suka bayar. Abin da suka karɓa shi ne diyyar dala miliyan 225 tsakaninsu, kason Inuit kusan miliyan 90, da hukumomin kansu na ilimi da lafiya da mulkin yanki, da kuma ƙasa da aka kasa gida uku.

Rukuni na ɗaya shi ne wanda ka gani a jerinka. Murabba'in kilomita dubu 8 ne da ɗan ƙari ga Inuit baki ɗaya, bai kai rabin jihar Kano ba, bai kuma cika kashi 2 cikin ɗari na Nunavik ba. Wannan mallakarsu ce ta haƙiƙa, amma ta tarayya, ba ta mutum ɗaya ba. Kusan kowane gari yana da hukumar riƙon ƙasa wadda Inuit ɗin garin ke zaɓen shugabanninta. Ta Kuujjuaq sunanta Nayumivik. Ita ke ba da hayar fili, ko ga ɗan gari mai son gini, ko ga ɗan kasuwa, ko ga ma'aikatar gwamnati. Ba a sayar wa kowa ƙasar, in ban da gwamnatin Kebek. Wannan sharaɗi na hana sayarwa shi ne katangar abin, domin da an yanka wa kowa nasa an ba shi takarda a hannu, da shekara ashirin ba ta cika ba masu kuɗi sun tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi wa ƙabilun asali na Amurka bayan dokar rabon filaye ta 1887, suka wayi gari mafi yawan ƙasarsu ta koma hannun wasu.

To amma ga inda gizo ke saƙa: saman ƙasar ne nasu. Ma'adinan da ke ƙarƙashi na Kebek ne. Abin da Inuit ke da shi a rukuni na ɗaya shi ne ba a haƙa sai da yardar hukumar riƙon ƙasa, kuma sai an biya. Dutsen sassaƙa mai laushi, wanda suke yin gumakan ado da shi suna sayarwa, shi aka bar musu. Haka kuma gwamnati na iya karɓar wani yanki don aikin jama'a, ta musanya da wani filin ko ta biya diyya.

Rukuni na biyu ya fi faɗi nesa ba kusa ba, sama da murabba'in kilomita dubu 80. Ƙasar gwamnati ce, amma farauta da kamun kifi da ɗana tarko a cikinta na Inuit ne su kaɗai, baƙo sai da izninsu. Gwamnati na iya ba da ita don haƙar ma'adinai ko wani aiki, sai dai ta maye musu gurbin abin da ta ɗauka ko ta biya. Rukuni na uku shi ne duk sauran, wato mafi yawan Nunavik. Inuit na da 'yancin farauta a ciki duk shekara, an kuma keɓe musu wasu nau'o'in dabbobi, amma ƙasa ce ta kowa, kamfani na iya neman lasisi ya shiga.

Ka ga ke nan lissafin ya juye. Kai kana mamakin yadda aka ba mutum dubu 14 ƙasar da ba sa zama a ciki. Su kuwa da yawansu mamakinsu shi ne yadda mutanen da kakanninsu suka taka ƙasar nan kaf suka tashi da abin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Kuma ba yau aka fara wannan ƙorafi ba. Tun a lokacin, mutanen Puvirnituq da Ivujivik da wani ɓangare na Salluit suka ƙi amincewa, suka kafa ƙungiya mai suna Inuit Tungavingat Nunamini. Hujjarsu ita ce ƙasa ba hajar sayarwa ba ce, kuma abin da suke nema mulkin kai ne, ba kuɗi da filaye masu lamba ba. Shi ya sa in ka koma jerinka ka nemi Puvirnituq, gari ɗaya za ka gani ba tare da tagwayensa marar kowa ba. Rashin wannan layi a takarda shi kansa tarihi ne.

Ni a ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma ba faɗar sulhu nake yi ba. Waɗanda suka sa hannu sun yi ciniki ne da wuƙa a wuya, madatsar ana gina ta ko sun yarda ko ba su yarda ba, a cikin shekara biyu kacal, da matasan da yawancinsu ba su yi karatun lauya ba. Da abin da suka samo aka kafa Makivik a 1978, hukumar da ke juya dukiyar diyya, mai kamfanin jiragen Air Inuit, aka kafa gwamnatin yankin Kativik da hukumar makarantu da ke koyar da yara da harshen Inuktitut a ajin farko. Mary Simon, haifaffiyar Kangiqsualujjuaq wadda ta zama Gwamna Janar ta Kanada a 2021, ta taɓa shugabantar Makivik. Daga 1982 kuma tsarin mulkin Kanada ya ba irin waɗannan yarjeniyoyi kariya, ba gwamnatin da za ta tashi da safe ta soke. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma masu adawa sun hango abin da ya tabbata: wanda ya saki haƙƙin asali ya karɓi fili mai iyaka, duk abin da zai nema nan gaba roƙo ne. Maganar mulkin kai har yanzu ba a gama ta ba. A 2011 an kawo wani tsari na haɗe hukumomin Nunavik wuri ɗaya, jama'a suka kada ƙuri'a suka ƙi shi da rinjaye mai yawa, don suna ganin ba iko na gaske a cikinsa.

Sauran Inuit na Kanada da suka zo daga baya sun yi ciniki mafi tsauri. Inuvialuit na yammacin arewa, a 1984, sun samu kusan murabba'in kilomita 91,000, daga ciki 13,000 har da abin da ke ƙarƙashi. Yarjejeniyar Nunavut ta 1993, wadda ta kai ga kafa yankin Nunavut a ranar 1 ga Afrilu 1999, ta bar wa Inuit sama da murabba'in kilomita 350,000, kusan kashi 18 cikin ɗari na yankin, kuma wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙasa har da ma'adinanta. Wajen zaɓen filayen sai da suka ɗauki masana duwatsu, suka zauna da taswirar ma'adinai a gefe guda, taswirar mafarauta a ɗaya gefen. Wannan taswira ta mafarauta za ta ba ka sha'awa tunda fanninka ne. A tsakiyar shekarun 1970 aka bi garuruwa ana zama da maharba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zana a kan taswira inda ya taɓa farautar kowace dabba a tsawon rayuwarsa, inda ya yi zango, hanyar da ya bi. Da aka ɗora zanen mutum a kan na mutum, sai ga ƙasar da ake cewa fanko ce ta cika da layuka kamar saƙar gizo, har kan ƙanƙarar teku. An wallafa sakamakon a 1976, kuma da shi aka kafa hujjar iyakar Nunavut. Inuit na Labrador, yankin da ke gabas da Kebek, su ma sun kammala tasu yarjejeniyar a 2005. Inuit na Nunavik kuwa sun dawo daga baya sun ƙulla wata yarjejeniyar dabam kan tsibiran da ke gaɓarsu, wadda ta fara aiki a 2008, suka mallaki kashi 80 cikin ɗari na tsibiran. Kusan dukkansu ba mai kwana a kai.

Ko wannan mallaka tana hana wani abu a aikace? Tana hanawa, amma ba kullum ba, kuma sau da yawa ba takardar filin ce ke yin aikin ita kaɗai ba, har da hukumomin duba muhalli da yarjeniyoyin suka kafa. Mahaƙar nikel ta Raglan, tsakanin Salluit da Kangiqsujuaq, sai da kamfanin ya sa hannu da Makivik da garuruwan biyu a 1995 kan rabon riba da ɗaukar ma'aikata, har da dakatar da jiragen ruwa masu fasa ƙanƙara a watannin da sil ke haihuwa. A Nunavut, kamfanin Baffinland mai haƙar tama a Mary River ya nemi ninka abin da yake fitarwa ya kuma shimfiɗa layin dogo zuwa teku. Mafarautan yankin Pond Inlet suka ce yawan jirage na korar dabbobin teku, a Fabrairun 2021 wasunsu suka tare filin jirgin mahaƙar. Hukumar duba muhalli ta ba da shawarar kada a amince, a Nuwamban 2022 ministan tarayya ya ƙi ba da izni. Kada ka ɗauka kan Inuit a haɗe yake a irin wannan. Akwai masu albashi a mahaƙar, ƙungiyar Inuit ta yankin na karɓar kuɗin haya da kaso, ga matsalar gidaje da rashin aiki sun yi katutu. Gardama ce ta cikin gida, mai zafi, amma dai su ke yin ta.

Abin da iyaka a takarda ba ta iya yi shi ne tsare dabbar da aka keɓe ƙasar dominta. A Satumban 1984 karibu kusan 10,000 suka nitse wajen tsallake kogin Caniapiscau, aka yi ta gardama kan ko sakin ruwan madatsa ne ko ruwan sama mai yawa. Garken kogin George, wanda ya kai kusan 800,000 a farkon shekarun 1990, a ƙidayar 2018 bai kai 6,000 ba. Ƙanƙarar teku tana makarar daskarewa tana saurin narkewa, hanyoyin da tsofaffi suka sani sun zama masu haɗari. Kana iya mallakar hurumi ka rasa abin da za ka samu a ciki.

Akwai wani suna a jerin nan da nake so ka koma ka duba, Killiniq. Shi ba shi da tagwaye mai mutane. Ƙaramin gari ne da yake kan wani tsibiri a ƙuryar arewa maso gabas, inda Kebek da Labrador suka tsuke, wanda Turawa ke kira Port Burwell. Tsibirin a lokacin yana ƙarƙashin Yankunan Arewa maso Yamma ne, amma mutanensa suna cikin waɗanda yarjejeniyar 1975 ta shafa, aka kuma tanadar musu nasu kason na rukuni na ɗaya a gaɓar Kebek. A Fabrairun 1978 hukuma ta rufe garin, aka kwashe mutanen da jirgi aka rarraba su garuruwan Nunavik, da yawansu Kangiqsualujjuaq, suka bar gidaje da kayan farauta a baya. A shekarun 1980 wasunsu sun yi yunƙurin kafa sabon mazauni a wani wuri da ake kira Taqpangajuk, abin bai ɗore ba. Ƙasar tana nan da sunansu a rajista, da lambarta, da sifirinta. Masu ita suna zaune a garuruwan wasu, kuma idan ƙanƙara ta buɗe, waɗanda ke da kwalekwale da kuɗin mai sukan nufi can su yi farauta su dawo.